Amsa: Me ya sa cikin jan kifin zurfin teku ke fitowa ta baki?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa jajayen kifayen nan masu manyan idanu, irin su Etelis, ake fito da su ido a kumbure, ciki na leƙowa ta baki, har kana zaton cuta ce. Lafiyarsu ƙalau, aikin matsin ruwa ne.

Kifayen nan 'yan dangin Lutjanidae ne, suna zaune kan duwatsun ƙarƙashin tekunan wurare masu zafi, galibi daga zurfin mita 100 zuwa 400. Duk mita 10 da ka nutsa, matsin yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Ke nan a mita 200 ya ninka kusan sau 21. To, kifin yana da jakar iska a cikinsa wadda ke daidaita masa shawagi. Da masunci ya jawo shi sama da sauri, iskar sai ta buɗe, jakar ta kumbura ko ta fashe, ta turo tumbinsa waje. Shi ya sa ko an mayar da ƙaramin kifi daga cikinsu ruwa, da wuya ya iya komawa ƙasa da kansa.

Jan launin kuwa, mu ne muke ganinsa ja. Ruwa yana shanye jan haske tun daga sama, don haka can ƙasa kifin duhu-duhu yake, ba a saurin hango shi.

Abin da ya fi damuna shi ne jinkirin girmansu. Onaga, wani nau'in Etelis da ake ji da shi a Hawai, yakan haura shekara 40, saboda haka wurin da aka yi wa kamun wuce gona da iri yakan daɗe bai farfaɗo ba.