Gasa Talotalon Bikin Godiya a Alƙahira

Tambaya: Anti, ni ɗaliba ce a Alƙahira. Ƙawayena Amurkawa za su yi bikin godiya ranar Alhamis ta huɗu a Nuwamba, kuma ni suka ɗora wa talotalo mai kilo 5. Yaya zan gasa shi kada ya bushe?

Amsa: Ƙanwata, matsalar daga ƙanƙara take farawa. In daskararre ne, ki sa shi a ƙasan firji kwana 3 ya narke, in ba haka ba waje ya ƙone, ciki ɗanye. Daren jajibiri ki shafe shi da gishiri cokali 3, ki mayar firji ba rufi, fatar ta tsane.

Washegari ki cusa bota ƙarƙashin fata, ki gasa a digiri 165 na Salsiyos, kamar awa 2 da rabi zuwa 3. Ƙirji ya fi cinya saurin nuna, shi ya sa yake bushewa. Da ya yi ja ki lulluɓe shi da takardar aluminiyam. Kada ki yarda da agogo kaɗai, ki soka ma'aunin zafi a cinya sai ya kai 74. Ya huta minti 30 kafin yanka.

Kiranberi kuwa, jajayen 'ya'yan itace masu tsami da ake dafawa a ci da talotalon, wuyar samu gare shi a can. A madadinsa ki dafa zoɓo da sukari ya yi kauri, tsaminsa ya wadatar.