Gawa ce ko saɓa? Yadda ake gane kwanson da tirilobayit ya tuɓe

Wani ɗalibin ilimin duwatsu daga Birnin Kebbi ya rubuto cewa: "Malam, yayana ya kawo mini dutse daga Maroko mai ɗauke da tirilobayit. Gadon baya da wutsiya suna nan garau, amma gefunan kai biyu babu su, kamar an yanke da wuƙa. Karyewa ya yi, ko cutarsa aka yi?"

Ɗana, kada ka yi saurin zargin mai sayarwa. Abin da ka kwatanta ya fi kama da saɓa, kuma a wurina saɓa ba ta gaza gawa daraja ba, domin tana nuna abin da dabbar ta yi tana da rai.

Tirilobayit ƙwaron teku ne da ya bayyana kimanin shekara miliyan 521 da suka wuce, ya ƙare ƙaf wajen miliyan 252. Kwansonsa ba ya girma tare da jikinsa, dole sai ya tuɓe shi lokaci zuwa lokaci, kamar yadda fara ke barin saɓarta a jikin karan gero. Da yake kwanson yana da sinadarin kalsayit mai tauri, kowace saɓa na iya zama dutse. Dabba ɗaya saɓa da yawa take bari, gawa kuwa ɗaya tak, shi ya sa akasarin abin da ake tonowa saɓa ce.

Yanzu ɗauko gilashin ƙara girma ka dubi inda kumatun, wato gefunan kai biyun da ka ce babu, suka rabu da kai. Yawancin jinsunan suna da wani siririn layi mai kama da ɗinki, wanda ya bi ta saman ido. Nan ne kwanson ke buɗewa idan lokacin tuɓewa ya yi, kumatu su zame, dabbar ta sulale ta gaba. Idan bakin rabuwar sumul yake, kuma lanƙwasar dama ta yi daidai da ta hagu, to ɗinkin ne ya buɗe. Karaya ba ta da wannan tsari: bakinta kaca-kaca ne, sau da yawa ma tsagar takan zarce cikin dutsen. Duba kewaye kuma, wani lokaci kumatun na nan kusa a kife, ko sun shige ƙarƙashin jiki.

Dangin Phacops, waɗanda ake yawan samu a yankin Alnif na Maroko, ɗinkinsu ba ya buɗewa. Su kai gaba ɗaya ke cirewa daga wuya, ya kife a gaban jiki. Masana na kiran wannan kwanciya da sunan Salter, wani masanin Ingila na ƙarni na 19.

Sai dai a yi hattara. Igiyar ruwa da masu cin mushe su ma suna wargaza gawa, don haka gutsattsarin da suka warwatse ba hujja ba ne su kaɗai. Wanda ka gani cikakke ya dunƙule, kai ya haɗe da wutsiya, wannan kam kusan kullum gawa ce.

Cikakken da ya yi kyau fiye da kima shi ya kamata ka tuhuma, domin ana haɗa gutsattsari da gam, ana kuma zuba na roba, wanda ƙananan ramukan kumfa ke tona masa asiri. Duk wanda ya ce maka a Kebbi ya tono tirilobayit, kada ka ba shi kuɗinka. Domin duwatsun Gwandu sun samu ne miliyoyin shekaru bayan ƙarewar tirilobayit, akasarin na Zamfara kuma, irin masu zinari na Anka da Maru, sun girme shi.