Maɗacin Masallacinmu Ya Fara Zubar da Rassa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ladan ne a wani masallacin unguwa a Garwa. Akwai maɗaci biyu a harabarmu, malamin da ya kafa masallacin ne ya dasa su. A inuwarsu almajirai ke karatu, nan ake zaman makoki. Iskar farkon daminar bana ta karyo wani reshe mai kaurin cinya, ya faɗo kan butocin alwala jim kaɗan bayan tashin yara. Na ce a sare, dattawa suka ce ba a taɓa dashen Malam. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam Ladan. Da na karanta batun butocin nan sai da gabana ya faɗi. Tun yau a ɗauke karatun yara daga wurin, kafin ma a zauna shawara.

Amma kada ka yi wa bishiyoyin kuɗin goro. Duba kowace ita kaɗai. Ɗauki ƙotar gatari ka ƙwanƙwasa gindin, ka zagaye shi. Lafiyayyen ice amsawa yake da nauyi, wanda gara ta cinye cikinsa kuwa ƙara yake kamar ganga. Duba ko ɓawon na ɓarewa da kansa, ko laimar kwaɗi ta tsiro a saiwa, ko ƙasa ta tsage ta ɗago ta gefe guda. Wannan na ƙarshe shi na fi tsoro, don saiwa ce ta saki. In rassan sama kawai suka bushe, datsewa ta wadatar. Wanda ya san zafin Garwa a watan Afrilu, lokacin da yake haura maki 40, ba zai yi garajen rabuwa da inuwa ba.

Dattawan nan ƙaunar Malam ce ke magana a bakinsu, kada ka ja da su a bainar jama'a. Bi ta hannun liman da jauro, wato mai unguwa. Liman ya tuna musu hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito, na mutumin da Annabi (SAW) ya gani a Aljanna saboda bishiyar da ya sare daga kan hanya tana cutar da mutane. Sannan ka miƙa wa babbansu ƙotar, ya ƙwanƙwasa da hannunsa.

In sara ya tabbata, ku fara neman izinin ma'aikatan gandun daji da ofishin magajin gari. Idan wayar lantarki ta ratsa, a kira masu wuta su kashe. A samo gwani ya hau da igiya, ya sauke ta gunduwa-gunduwa daga sama. Kada a bar samarin unguwa su kama gindi da gatari. Katakon maɗaci na da daraja, a sayar, kuɗin su shiga asusun masallaci a gaban shaidu.

Kafin ranar, sa almajirai su tsinto 'ya'yanta a rena a leda. A dasa nesa da katanga, a kewaye da ƙaya saboda awaki, a karkato kwatar alwala ta bi ta gindinsu.