Mijinta na dukanta, gidan kuma ba da sunanta yake ba

Tambaya: Barista, ina aikin jinya a Winifeg ta Kanada. Abokiyar aikina 'yar ƙabilar Kiri ce, daga cikin 'yan asalin ƙasar. Mijinta na dukanta, gidansu yana kan ƙasar da aka keɓe wa ƙabilarsu, kuma da sunansa yake. Tana tsoron in ta kai ƙara a kore ta, a kuma ƙwace mata yara. Ina mafita?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da kika tsaya mata. Tsoronta yana da tushe. Har zuwa 1985, dokar Kanada na cire mace daga rajistar 'yan asalin ƙasa idan ta auri bare. A 1986 kuma Kotun Ƙoli ta ce dokokin larduna na rabon dukiyar aure ba sa hawa kan filayen ƙabilu. Shekara da shekaru, wadda aka daka ita ke kwashe kayanta, ga ƙarancin gidaje, ga talauci. Da yawa sun gangaro birni ba kowa ba komai. A 2014 'yan sandan tarayya sun ƙirga mata 'yan asalin ƙasa 1,181 da aka kashe ko suka ɓace tsakanin 1980 da 2012.

Yau ba haka ba ne. Dokar tarayya ta 2013 ta ba ta haƙƙin zama a gidan aurenta ko da sunan wa yake, kuma kotu na iya fitar da shi ta bar ta ciki da yaranta. Sai dai wasu ƙabilun sun yi tasu dokar, don haka a fara bincika wacce ke aiki a garinsu.

Duka kuwa laifi ne a ko'ina cikin Kanada. Ya kamata ta san cewa in 'yan sanda suka tuhume shi, janye ƙarar ba a hannunta yake ba, yana hannun lauyan gwamnati. Tana kuma iya neman umarnin kariya na lardin Manitoba, inda Winifeg take, kyauta, ba tare da an sanar da shi tukuna ba.

Batun yara shi ya fi tsaya min a rai, domin kusan kashi 90 cikin 100 na yaran da hukuma ke riƙo a Manitoba 'yan asalin ƙasa ne. Amma tun Janairun 2020 doka ta hana ɗauke yaro don talauci ko rashin matsuguni kaɗai.

Ta ɗauki hotunan raunukan, ta ga likita, ta ajiye takardun yaran a wurinki. Ki raka ta ofishin ba da taimakon shari'a na lardin cikin makon nan. Kada ta gaya masa za ta fita, don lokacin rabuwa ne haɗarin ya fi tsanani. In ya sake ɗaga mata hannu, ta kira lambar gaggawa ta 911.