Me tabarau zai gani wanda titi bai nuna ba?

TAMBAYA: Malam, shekarata 11 ina jan motar asibiti. An ce za a sa mana wani tabarau mu yi tuƙi cikin kwamfuta, wai don a binciki yadda muke tuƙi. Ni dai gani nake wasan yara ne. Ko akwai amfani?

AMSA: Malam direba, sannu da aiki. Akwai amfani, kuma tushensa ɗaya ne: ba mai binciken da zai tura yaro ya faɗo titi gaban motarka don ya ga ko za ka taka birki. A cikin tabarau kuwa ana iya yin haka sau 50 ba wanda ya ƙwarzane, kuma kowane direba yaron nan zai fito masa a wuri ɗaya. Ta haka ake gwada wane da wane.

Kana riƙe da sitiyari, na'urar tana rubuta inda idonka ya sauka, da daƙiƙar da ƙafarka ta bar totur, wani lokaci har bugun zuciyarka. Abin da suka fi sa wa ido shi ne mararraba, musamman idan danja ta tsayar da kai, domin nan ne motocinku suka fi yin karo. Direba zai rantse ya duba hagu da dama, alhali rikodin ya nuna jiniya ya dogara da ita. Mai ƙaramar mota kuwa ya rufe gilashi ya kunna rediyo, bai ji ka ba sai da ka iso kansa. Idan kana gudun kilomita 100 a awa, kusan mita 28 kake ci a daƙiƙa guda.

Gudun ma fa ribarsa ba ta kai yadda ake zato ba. Wani bincike da aka buga a 1995 kan garin Greenville na Amurka ya gano cewa jiniya da fitila daƙiƙa 43.5 kacal suke ragewa a kan hanyar kai majinyaci asibiti.

Inda nake bayanka shi ne, tabarau ba ya kawo irin tsoron da ake ji a titi na gaske. Ka san ba rai a bayan motar, don haka ba lallai ka yi abin da za ka yi a titi ba. Wasu kuma jiri da tashin zuciya ke kama su, saboda ido na ganin tafiya jiki kuwa na zaune. In ya taso maka, cire ka huta. Kafin ka sa, ka tambaye su wa zai ga sakamakonka, masu bincike kaɗai ko har da maigidanka.