Gidana ne, amma sai da izini zan canza taga?

Tambaya: Malam, na sayi tsohon gida a Ingila, ashe yana cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare. Tagoginsa na katako sun fara ruɓewa, bango kuma yana shan ruwa. Ina so in sa tagogin roba, in yaɓe bangon da siminti. Dole sai na nemi izini?

Amsa: Dole ne, ɗan'uwa, kuma ka dakatar da magini tukuna. Dokar kare gine-ginen tarihi ta shekarar 1990 ta ce duk aikin da zai sauya kamannin irin wannan gini, sai ƙaramar hukuma ta amince. Da yawa suna zaton fuskar gida kaɗai aka kare. Ba haka ba ne, har matakala da murhu da ƙofofin ɗaki suna ciki. Wanda ya yi gaban kansa ya aikata laifi: ana iya cinsa tara ko ɗaurin da ya kai shekara 2, a kuma tilasta masa ya mai da ginin yadda yake. Ko tsohon mai gidan ne ya yi ɓarnar, hukuma za ta iya sa ka gyara.

Gyara daban, canji daban. In kafinta ya cire inda ya ruɓe ya ɗora katako irinsa, galibi ba a bukatar izini. Tagar roba kuwa canji ce, da wuya a yarda.

Simintin nan shi ya fi damuna. Tsofaffin magina da farar ƙasa suke haɗa tubali, ita kuwa tana barin danshi ya fita. Siminti na kulle ruwa a cikin bango, sanyin hunturu ya daskarar da shi, tubalin ya riƙa farfashewa. Ka fara duba indararo da rufi, sau da yawa daga can ruwan yake.

Ka tuntuɓi jami'in kula da gine-ginen tarihi na ƙaramar hukumarku kafin ka cika takarda. Ka haɗa hotuna, da zanen aikin, da bayanin darajar ginin da yadda aikin zai shafe ta. Ba a biyan kuɗin wannan izini, kuma amsa kan ɗauki kamar mako 8. Duk abin da jami'in ya ce maka, ka roƙe shi ya rubuto maka.