Amsar tambayarka game da waya a hannun masu koyon kanikanci

Ɗana, ka tambaye ni ko ya dace ka bar sababbin yaran da na damƙa maka su riƙa amfani da waya wajen koyon aiki, ko kuwa ka karɓe ta ka ajiye har a tashi, kamar yadda wasu masu gareji ke yi. Ka bar musu ita, amma kai za ka tsara lokacin da za a buɗe ta da abin da za a nema a ciki, domin motocin da ake kawo mana yanzu ba sa gyaruwa da kunne da sifana kaɗai.

Tun daga shekarar 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin da ake kira OBD-II, Turai kuma ta biyo baya a 2001 ga masu shan fetur, kuma daga waɗannan wurare biyu mafi yawan motocin da muke gyarawa suka fito. Tsari ne na gano matsalar mota da na'ura, kuma mashigarsa ita ce soket ɗin nan mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Idan yaro ya soka ƙaramar na'ura irin ELM327, ya haɗa ta da manhaja irin Torque a wayarsa, ƙwaƙwalwar mota za ta faɗa masa abin da take kuka da shi ta hanyar wata lamba. Wanda aka yaye bai iya wannan ba, an cuce shi.

Sai dai a nan ne yara ke ruɗewa, kuma a nan nake so ka fi tsayawa a kansu. Lambar da ta fito tana nuna inda mota ta ji ciwo ne, ba ta ce ga kayan da za a canza ba. Ɗauki P0301, wadda ke nufin silinda ta ɗaya tana tsallake wuta. Yaro mai gaggawa zai ce a tafi kasuwar Kofar Ruwa a sayo kwayil, wato abin da ke ba fulogi wuta. Kai kuwa ka sa shi ya cire kwayil ɗin silinda ta ɗaya ya musanya shi da na ta biyu, ya goge lambar, ya tada mota ta ɗan yi aiki, sannan ya sake dubawa. Idan lambar ta koma P0302, laifin ya bi kwayil, an kama ɓarawo. Idan ta tsaya a P0301, sai a koma kan fulogi, da nozul, da wayoyin wuta, da ƙarfin matsin silindar kanta. Haka ma P0171, wadda ke cewa iska ta rinjayi mai a cikin injin: da yawa suna gaggawar canza sensar salansa, alhali sau da yawa wata roba ce ta tsage tana shan iska, ko famfon mai ya yi sanyi, ko ƙurar hunturu ta lulluɓe sensar da ke auna iska a bayan matatar iska. Saboda haka ƙa'idata ita ce, kafin yaro ya taɓa waya, ya saurari injin, ya duba, ya faɗa maka abin da yake zato da bakinsa. Bayan ya faɗa sai a soka na'ura a ga ko ta gaskata shi. Ta haka wayar ke zama mai gyara masa tunani, maimakon ta yi tunanin a madadinsa.

Game da bidiyon YouTube, yana da amfani ƙwarai, musamman ga aikin da ba ya zuwa mana kullum, domin yaro zai iya tsayar da shi, ya koma baya, ya rage saurinsa har ya ga inda hannu ya bi, abin da ni ba zan iya yi masa ba mai mota na tsaye a kaina. Amma ka koya musu neman bidiyo da lambar injin da shekarar mota, ba da sunanta kawai ba, tunda Corolla ta Amurka da ta Turai suna iya zama suna ɗaya injin daban. Ka kuma tuna musu cewa mai bidiyon yana aiki ne a kan motar da ba a yi wa kwaskwarima irin tamu ba. A nan za ka tarar an cire tamostat, an haɗa fanka kai tsaye, an fasa salansa an kwashe abin da ke ciki, sai lambobi irin P0128 (ta zafin ruwan injin) da P0420 (ta matatar hayaƙin salansa) su fito, bidiyon kuma bai san da wannan labari ba.

Abin da ya fi duk waɗannan amfani a wurina shi ne kyamara. Kada yaro ya kwance komai sai ya ɗauki hotonsa ta fuska biyu ko uku, musamman hanyar da bel ya bi da yadda wayoyi suka shiga soket. Idan aka samu aiki mai wuya, ɗayansu ya ɗauki bidiyo kana yi kana bayani da Hausa, a tura a zauren WhatsApp na gareji, da sunan motar da matsalarta a rubuce don a iya nemowa. Wanda Turanci ke yi wa nauyi zai fi ƙaruwa da wannan fiye da bidiyon waje goma. Ka dai kula kada lambar motar mutane ta fito a ciki.

Akwai ayyuka biyu da ban yarda kowa ya koya daga waya shi kaɗai ba. Na farko jakar iska, wadda soket ɗinta rawaya ne, domin tana iya fashewa a fuskar mutum idan aka taɓa wayarta ba a cire batir ba. Na biyu wayoyi masu ruwan lemo a motocin da ke haɗa fetur da lantarki irin Prius, waɗanda ke ɗauke da wutar da ta kai bolt 200 ko fiye. Idan irin wannan aiki ya shigo, ka tsayar da su, ka kira ni tukuna.